Daga Katin Karta zuwa Salula: Tarihin Fihirisar da Kowa ke Iya Buɗewa

Duk malamin da ya taɓa neman wani littafi cikin tarin takardun da aka gada ya san cewa mallakar littafi daban, sanin inda yake daban. Littafin da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, ko yana nan lafiya lau cikin gafaka, hukuncinsa ɗaya da wanda gara ta cinye, tunda mai buƙatarsa ba zai kai gare shi ba. Shi ya sa tun da aka soma tara littattafai wuri guda aka soma yi musu fihirisa, wato jerin da ke faɗin sunan littafi, da mawallafinsa, da abin da ya ƙunsa, da wurin da za a same shi. Yanzu da littattafai suka shiga cikin salula da kwamfuta, wannan tsohuwar buƙata tana nan, har ta zo da wata tambaya mai nauyi: a hannun wa fihirisar take? Idan a hannun mai kanti guda take, abin da ya ga dama shi mai karatu zai gani. Ƙa'idar da ake kira OPDS, wadda ta fito a 2010, ƙoƙari ce ta fitar da fihirisa daga hannun mutum ɗaya, kuma saiwarta ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

Fihirisa kafin zuwan na'ura

Kalmar fihirisa Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma littafin da ya fi shahara da wannan suna shi ne al-Fihrist na Ibn Nadim, wani mai sana'ar kwafe littattafai da sayar da su a Bagadaza. Wajen shekarar 987 ya tsara shi cikin maƙaloli goma, ya jera littattafan da aka sani da Larabci a zamaninsa, daga ilimin Alƙur'ani da nahawu har zuwa falsafa da likitanci. Da yawa daga littattafan da ya ambata sun ɓace, da ba don shi ba da ko sunansu ba a ji ba. A ƙasar Hausa ma malamai sun riƙe irin wannan al'ada: Abdullahi ɗan Fodiyo, a farkon ƙarni na 19, ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Sai dai kowane jeri irin wannan yana bin tsarin mai shi. Ba a iya ɗaukar na wancan malami a zuba cikin na wannan su zama abu guda.

Ƙasar da ta fara ƙoƙarin ɗora ɗakunan karatu masu yawa bisa tsari ɗaya ita ce Faransa. Bayan juyin juya halin 1789, hukuma ta ƙwace littattafan gidajen ibadar Kirista, daga baya ta haɗa da na manyan da suka gudu daga ƙasar, sai ga tsibi-tsibin littattafai a rumbunan ajiya ba wanda ya san abin da ke ciki. A 1791 aka aika wa dukan jihohi umarni guda kan yadda za a rubuta bayanin kowane littafi. Abin rubutun da aka zaɓa kuwa katin karta ne, domin a wancan zamani bayansa fari ne, yana da ƙwari, yana da araha, girmansa kusan ɗaya ne a ko'ina. Aka ce a rubuta sunan littafi, da na mawallafi, da garin da aka buga shi, da shekara, a ja layi ƙarƙashin kalmar da za a jera katin da ita, sannan a soke katunan da zare a aika Paris. Katuna fiye da miliyan ɗaya suka isa babban birnin. Aikin bai kai ƙarshe ba, amma ya bar darasi: idan kowa ya rubuta bisa tsari ɗaya, a kan abu mai girma ɗaya, aikin mutum dubu yana iya haɗuwa cikin akwati guda.

Wannan shi ne ma'anar ƙa'ida a wannan fage, kuma duk mai zuwa kasuwar hatsi ya san ta. Amfanin tiya shi ne mai saye da mai sayarwa sun yarda da girmanta. Ran da kowane ɗan kasuwa ya zo da tasa, ciniki ya zama gardama.

Ƙarni na 19 ya ci gaba da gyaran wannan ma'auni. A 1841 aka buga dokoki 91 na Antonio Panizzi don fihirisar Gidan Tarihin Biritaniya da ke Landan. A 1876 Melvil Dewey na Amurka ya fito da tsarin raba ilimi gida goma, wanda har yau ɗakunan karatu da yawa ke jera littattafansu da shi. Girman katin ma aka daidaita shi: santimita 7.5 a tsaye, 12.5 a kwance. A 1901 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya soma buga katunansa yana sayar wa sauran ɗakunan karatu. Ma'aikaci guda a Washinton ya rubuta bayanin littafi sau ɗaya, ɗaruruwan garuruwa su saka katin cikin aljihun akwatunansu ba tare da sun sake wahala ba.

Wanda ya kai wannan buri ƙololuwa shi ne Paul Otlet, lauya ɗan ƙasar Beljiyam. A 1895 shi da abokinsa Henri La Fontaine suka kafa wata cibiya a Burusel da niyyar yi wa duk abin da ɗan Adam ya taɓa bugawa fihirisa guda. Suka tara katuna fiye da miliyan 12. Mutum yana iya aiko da tambaya ta gidan waya, ma'aikata su kwafe katunan da suka dace su mayar masa. Amma duk wannan dukiya a gini ɗaya take, ƙarƙashin ikon hukuma ɗaya. A 1934 gwamnatin Beljiyam ta rufe wurin, a 1940 sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar suka sa aka kwashe kayan, wani ɓangare ya salwanta. Abin da ya tsira yana birnin Mons a yau a matsayin kayan tarihi. Fihirisar da ke wuri ɗaya, makulli ɗaya ya ishe ta.

Lokacin da kwamfuta ta koyi karanta kati

A tsakiyar shekarun 1960 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora wa wata masaniyar kwamfuta, Henriette Avram, aikin mai da katin fihirisa abin da na'ura za ta iya karantawa. Dabarar da ta fito da ita, MARC, ta kammala a 1968. Kowane yanki na bayanin littafi aka ba shi lamba: 100 gurbin mawallafi ne, 245 gurbin sunan littafi, 260 gurbin maɗaba'a da shekara. Kwamfuta ba ta san Ingilishi ko Faransanci ba, amma in ta ga 245 ta san sunan littafi ke biye. A 1973 ƙashin bayan wannan tsari ya zama ƙa'idar duniya, a 1977 kuma ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya ta fitar da UNIMARC, wadda ta bazu a Faransa da ƙasashen da ke aiki da Faransanci.

Wasu ma'aunan suka biyo baya. Lambar ISBN, wadda ke bambanta kowane bugu da ɗan'uwansa, ta zama ƙa'idar duniya a 1970, aka ƙara ta daga alƙaluma 10 zuwa 13 a 2007. A 1988 aka fitar da Z39.50, hanyar da kwamfutar wani ɗakin karatu ke tambayar ta wani. A 1995, a garin Dublin na jihar Ohayo, masana suka soma tsara wani gajeren jeri, wanda ya tsaya a gurabe 15, don bayyana duk wani abu da ke intanet: suna, mawallafi, harshe, shekara da makamantansu. A 2000 masu buga littattafai suka yi tasu ƙa'idar, ONIX, don aika bayanin haja ga dillalai. Dukansu sun yi amfani, amma dukansu zance ne tsakanin ƙwararru, ɗakin karatu da ɗakin karatu, maɗaba'a da dillali. Babu wadda aka yi domin ta shiga aljihun mai karatu.

Littafi ya buɗe, kanti ya rufe

Littafin lantarki ya girmi salula. Ranar 4 ga Yuli 1971 wani ɗalibi a Jami'ar Ilinoi, Michael Hart, ya buga takardar shelar ƴancin kan Amurka cikin kwamfutar jami'ar, daga nan shirin Gutenberg ya samo asali, wanda a yau ke raba littattafai fiye da 70,000 kyauta. Shekaru da dama kowane kamfani yana da nasa zubin fayil, littafin da aka saya don wannan na'ura ba ya buɗuwa a waccan. A 2007 aka amince da EPUB, zubin da kowa ke iya amfani da shi ba tare da biyan kowa ba. A watan Nuwamba na shekarar nan kuma Amazon ya fito da Kindle, na'urar karatu da ke ɗaure da kantinsa: fihirisa tasa, zubin fayil nasa, makulli nasa.

Ba a daɗe ba aka ga abin da hakan ke nufi. A Yulin 2009 Amazon ya gano cewa wanda ya saka wasu littattafan George Orwell a kantin ba shi da izinin sayar da su. Sai kamfanin ya shiga na'urorin waɗanda suka saya, daga nesa, ya goge littattafan, ya mayar musu da kuɗinsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne 1984, labarin hukumar da ke shafe rubuce-rubucen da ba ta so. Shugaban kamfanin ya nemi gafara, amma jama'a sun riga sun gane cewa kayan aro ba ya ado.

A daidai wannan lokaci wata hanya dabam tana tsirowa. A 2008 wani ƙaramin kamfani, Lexcycle, ya fitar da manhajar karatu mai suna Stanza don iPhone, kafin ƙarshen shekara an sauke ta fiye da sau miliyan ɗaya. Stanza ba ta ɗaure mai karatu da kanti guda ba. Daga cikinta yana iya leƙa littattafan Gutenberg, da na Feedbooks, wani kamfanin Paris da Hadrien Gardeur da Loïc Roussel suka kafa a 2007, da na wasu maɗaba'u. Masu Stanza ba su ƙirƙiro sabon abu daga tushe ba. Sun ɗauki Atom, ƙa'idar da aka tabbatar a 2005 wadda jaridun intanet ke sanar da sababbin labaransu da ita, suka ce inda jarida ke jera labarai, su za su jera littattafai.

A Afrilun 2009 Amazon ya saye Lexcycle. Bayan ƴan shekaru aka daina gyara Stanza, ta mutu a tsaye. Amma tsarin fihirisarta ya riga ya fita daga gidan. Wasu abokan aiki, cikinsu akwai Internet Archive, da maɗaba'ar O'Reilly, da Feedbooks, da shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, suka ɗauke shi suka rubuta shi a fili yadda kowa zai iya karantawa ya yi aiki da shi. A Oktoban 2009 Internet Archive ta gabatar da shirin BookServer a San Faransisko bisa wannan tushe, a Agustan 2010 kuma aka fitar da bugu na farko na OPDS, sunan da ke nufin buɗaɗɗen tsarin rarraba littattafai. Bugu na 1.1 ya biyo a 2011, na 1.2 a 2018.

Yadda take aiki

Fihirisar OPDS takarda ce ta lantarki da ke zaune a wani adireshi na intanet. Mai karatu ya rubuta adireshin sau ɗaya cikin manhajarsa, manhajar ta je ta karanto. Shafukanta iri biyu ne. Na farko na nuna hanya ne, kamar allunan da ke bisa kantocin ɗakin karatu: ga sababbin littattafai, ga na tarihi, ga na yara, ga na harshe kaza. Na biyu jerin littattafan ne su kansu. Kowane littafi yana da gurbinsa mai ɗauke da suna, da mawallafi, da harshe, da taƙaitaccen bayani, da hoton bango, wato katin 1791 ne ya sake tufafi. Abin da katin da bai da shi shi ne mahaɗi, wanda in an taɓa shi littafin zai sauko. Kowane mahaɗi yana faɗin sharaɗinsa: kyauta ne, ko na saye, ko na aro, ko ɗanɗano ne na ƴan shafuka, ko sai mai biyan kuɗin wata. Yana kuma faɗin zubin fayil ɗin, EPUB ne ko PDF, don manhaja ta san ko za ta iya buɗe shi. Gurbin bincike kuwa an gina shi bisa OpenSearch, ƙa'idar da wani reshen Amazon ɗin ne ya fito da ita a 2005.

Muhimmin abin shi ne rabuwar aiki. Mai littattafai yana rubuta fihirisarsa sau ɗaya, duk manhajar da ta san ƙa'idar za ta karanta ta. Mai manhaja yana koya mata ƙa'idar sau ɗaya, za ta buɗe duk fihirisar da ke bin ta. Ba wanda ke neman izinin wani, ba a biyan kuɗin shiga. Burin Otlet ne, sai dai an warwatsa akwatunan cikin duniya yadda ba hukuma ko kamfanin da zai rufe su duka da makulli ɗaya.

Ɗakunan karatu na jama'a sun fi kowa cin moriyarta. A 2016 Ɗakin Karatun Jama'a na birnin New York ya fitar da SimplyE, manhajar da ta haɗa littattafan dillalai daban-daban cikin jeri guda, mai katin aro ya ara ba tare da ya san daga wane kamfani littafin ya fito ba. Shirin Palace, wanda aka sanar a 2021, ya ɗora bisa wannan aiki. A Paris, cibiyar EDRLab da aka kafa a 2015 tana kula da manhajar Thorium, tana kuma cikin masu tsara bugu na 2 na ƙa'idar, wanda ya ƙara kula da littattafan saurare da na zane. Manhajar Calibre, wadda ake samu kyauta, tana iya mai da kwamfuta guda ta zama ɗakin karatu, salulolin da ke kusa su shiga fihirisarta ta waifai ko babu intanet. Kiwix ma, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa, da OPDS take jera kayanta.

Iyakarta kuwa a bayyane take. Manyan kantuna, irin na Amazon da na Apple, ba su buɗe manhajojinsu ga fihirisar waje ba, kuma a hannunsu mafi yawan cinikin yake. Sannan buɗaɗɗiyar fihirisa tana iya kai mutum ga kullallen littafi, domin makullin hana kwafe fayil lamari ne dabam. A 2019, da Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, kuɗinsu kawai aka mayar musu.

Rabon littafin Hausa

Wannan tarihi ya shafi littafin Hausa ta fuska biyu. Ta farko, dogaro da kanti guda. Marubutan Hausa da dama sun saka littattafansu a OkadaBooks, kantin intanet na Najeriya da aka kafa a 2013. A ƙarshen Nuwamban 2023 kantin ya rufe, jerin littattafansa ya tafi tare da shi. Sauran ƙagaggun labarai da yawa suna yawo a WhatsApp daga hannu zuwa hannu, sau da yawa ba shekara, ba maɗaba'a, wani lokaci har sunan mai shi ya faɗi a hanya.

Ta biyu, ƙa'ida ba ta rubuta kati da kanta. Gurbin harshe yana nan, alamar Hausa a tsarin duniya ita ce ha, ana kuma iya ƙara mata alamar da ke bambanta boko da ajami. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, duk suna cikin Unicode. Amma idan mai cika gurbin ya rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa, ko aka manta cewa Nijar na rubuta ƴaƴa da ƴ alhali Najeriya na rubuta kalmar da waƙafi a gaban y, mai bincike zai nemi littafin ya rasa, ga shi kuwa yana nan. Na'ura abin da aka ba ta take mayarwa.

Irin wannan aiki na haƙuri an riga an yi shi a wasu fannoni. A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka buga fihirisar ƙagaggun labaran Hausa da suka fito tsakanin 1987 da 2002, ɗaruruwan littattafan da galibinsu ba su shiga wani kundin hukuma ba. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, wanda tarin Boubou Hama ya zama tushensa, yana riƙe da rubuce-rubuce kimanin 4,000, kuma gidauniyar al-Furƙan ta Landan ta soma buga fihirisarsu a 2004. Waɗannan ayyuka bisa takarda suka fito, amma gurabensu su ne dai guraben da manhaja ke nema: suna, mawallafi, harshe, shekara.

Kammalawa

Daga katin karta na 1791 zuwa salular yau, abin rubutu ya sauya sau da yawa, buƙatar ba ta sauya ba: a rubuta bayanin littafi sau ɗaya, bisa tsarin da kowa ya yarda da shi, a ajiye shi inda kowa zai iya gani. Stanza ta mutu, OkadaBooks ya rufe, akwatunan Otlet sun zama kayan kallo, amma lambobin Avram na 1968 suna aiki har yanzu, haka ma OPDS, domin an rubuta su a fili kuma ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Ƙungiyar marubuta a Damagaram, ko makarantar horar da malamai a Tawa, ko ɗakin karatu a Maraɗi, duk wanda ke da kwamfuta guda da littattafan da masu su suka yarda a raba, ba ya buƙatar izinin wani kamfani kafin ya buɗe fihirisarsa. Abin da ya rage shi ne aikin Ibn Nadim: a zauna, a ɗauki littattafan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta sunan kowanne daidai.